Haƙƙin Kifi Da Dodon Koɗi A Wuyan Ɗan Adam

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya halicci abin da ke tudu da abin da ke cikin ruwa, Ya kuma ɗauki nauyin arzikin kowannensu. Tsira da aminci su tabbata ga shugaban Manzanni, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, a wannan mako an aiko wa wannan fili da wata tambaya daga unguwar Bompai ta Kano. Mai tambayar ma'aikaci ne a wata masana'anta. Shekarun baya an ba shi gidan kamfani, ya tarar da ɗan tafki na siminti a bayan gidan, da jajayen kifayen ado a ciki, da dodon koɗi manne a jikin bango. Ya ci gaba da ciyar da su har yaransa suka shaƙu da su. Yanzu aikinsa ya ƙare, an ce ya tashi a ƙarshen wata, wanda zai shiga gidan kuwa ya ce cike tafkin zai yi ya mayar da shi wurin ajiye mota. Waɗansu abokansa sun ba shi shawara ya buɗe magudana ruwan ya tsiyaye, ya yi tafiyarsa. Waɗansu sun ce ya kwashe su a bokiti ya juye a kwatar da ta bi ta bayan unguwa, wai ai ruwa duk ruwa ne. Shi kuwa zuciyarsa ba ta kwanta ba, shi ya sa yake tambaya ko akwai zunubi cikin haka, kuma mene ne shari'a ta ɗora masa.

Wani zai ji wannan tambaya ya yi murmushi, ya ce malamai suna fama da mas'alolin salla da gado, ina suka ga lokacin zancen katantanwa. To, lalle tambayar ba ƙarama ba ce. Allah Ta'ala Ya sanar a aya ta 38 ta Suratul An'am cewa dabbobin da ke tafiya a ƙasa da tsuntsayen da ke shawagi al'ummomi ne kamar yadda mutane suke al'umma, kuma za a tattara su zuwa ga Ubangijinsu. A Suratul Isra'i, aya ta 44, Ya sanar cewa babu wani abu face yana yi Masa tasbihi, mutane ne ba su fahimtar tasbihin. Saboda haka abin da ke cikin wancan tafki bayin Allah ne masu rai, waɗanda aka killace su a wurin da ba su da ikon fita, ba su kuma da bakin kai ƙara.

Abu na farko da za a sani shi ne, ajiye kifi a gida domin ado ko domin faranta wa yara rai ba haramun ba ne. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas ɗan Malik, Allah Ya yarda da shi, cewa yana da wani ƙane ana ce masa Abu Umairu, wanda yake da ɗan tsuntsu yana wasa da shi. Da tsuntsun ya mutu, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga yaron cikin damuwa, ya tambaye shi labarin tsuntsun yana lallashinsa, bai kuwa tsawata wa kowa a kan ajiye shi ba. Daga nan malamai suka ciro halaccin ajiye dabba, da sharaɗin a ciyar da ita, a shayar da ita, kada a azabta ta. Watau halaccin yana tafe da nauyi. Wanda ya karɓi gida ya tarar da tafki, ya kuma ci gaba da zuba musu abinci, ya karɓi wannan nauyi, kuma ba ya sauka daga wuyansa don kawai ya ɗaure kayansa zai tashi.

Hujja mafi ƙarfi a wannan babi ita ce hadisin matar nan da ta shiga wuta saboda kyanwa, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito. Laifinta shi ne ta tsare kyanwar, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nemi ƙwarin ƙasa ta ci ba, har ta mutu. Mai hankali ya dubi hadisin zai ga hanya biyu aka buɗe wa matar, ko ciyarwa ko sakewa, ta toshe duka biyun. To, wanda ya buɗe magudanar tafki ya bar kifi yana birgima a kan siminti cikin zafin Kano, shi ma ya toshe duka biyun, har ya ƙara da hana shi numfashi. A ɗaya ɓangaren kuma ga hadisin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa a takalminsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah Ya gafarta masa. Da sahabbai suka yi mamaki, Manzon Allah ya sanar da su cewa akwai lada cikin kyautata wa duk wani mai rai.

Malaman mazhabar Imamu Malik sun mayar da wannan hukunci na fiƙihu bayyananne. Shehu Halilu ya ambata a cikin Muhtasar ɗinsa cewa ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita idan babu makiyayar da za ta ci da kanta, idan kuwa ya ƙi ko ya kasa, sai a sayar da ita ga wanda zai iya. Shehu Izzuddini ɗan Abdussalami, wanda ya rasu a Misira shekara ta 660 bayan Hijira, ya lissafa haƙƙoƙin dabbobi a cikin littafinsa Ƙawa'idul Ahkam, ya sa a cikinsu cewa a ci gaba da ciyar da dabba ko da ta tsufa ko ta yi ciwon da ba a ƙara amfana da ita. Ashe ke nan tun ƙarnuka da suka wuce shari'a ta ba da amsa ga mai tambaya: wanda ya kasa riƙe dabba, sai ya nema mata wani hannun da zai riƙe ta.

Saura shawara ta biyu, ta juye su a kwata. A nan akwai kuskure iri biyu. Na farko, ruwan da ke gudu a kwatocin Bompai ba ruwan rayuwa ba ne, kamar yadda bayani zai zo. Jefa kifi a cikinsa kisa ne da aka sa wa sunan saki. Na biyu, ko da mutum ya ɗauke su ya kai su kogi mai tsabta ko dam, bai kuɓuta ba, domin Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa hadisin da ya hana cuta da cutarwa, shi ne kuma hadisi na 32 cikin Arba'una na Imamu Nawawi, wanda kowane ɗalibin Islamiyya ya haddace. Wannan jan kifi baƙo ne a ruwayen ƙasar Hausa. Asalinsa daga ƙasar Sin yake, inda aka fara kiwonsa fiye da shekara 1,000 da suka wuce. A cikin tafki ɗan ƙarami ne, amma idan ya sami sararin ruwa yakan girma ƙwarai, ya riƙa tonon laka, yana tumɓuke tsirrai, yana cin ƙwan waɗansu kifaye. A shekarar 2021 sai da hukumar garin Burnsville a jihar Minesota ta Amurka ta roƙi jama'a su daina zuba shi cikin tafkunansu, bayan an kamo waɗansu manya daga cikinsu.

Irin wannan ya faru da giwan ruwa, wanda a kogunan Nijeriya ɗan gida ne ba ya ɓata kome. A shekarun 1950 aka kai shi tafkin Biktoriya a gabashin Afirka, kafin shekarun 1980 su ƙare ya mamaye tafkin, ana ƙiyasta cewa kusan iri 200 na ƙananan kifayen wurin sun ɓace. Haka kuma a shekarar 1966 wani yaro ya shigo da manyan dodon koɗi irin na Afirka guda 3 garin Mayami na Amurka, kakarsa ta sake su a lambu. Sai da hukuma ta yi kusan shekara 10 tana yaƙi da zuriyarsu, ta kashe wajen dala miliyan 1. Allah Ya ajiye kowace halitta a muhallinta bisa ma'auni, wanda ya ɗauke ta ya kai inda ba a ajiye ta ba, ko da niyyarsa tausayi ce, yana iya zama sanadin ɓarna. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Game da dodon koɗi kuwa, malamai ba su manta da shi ba. A cikin Mudawwana an tambayi Imamu Malik game da wanda ake samu a ƙasashen Magrib, ya ba shi hukuncin fara: wanda aka kama da rai aka dafa ya halatta, wanda aka tsinta matacce ba a ci. Amma na cikin ruwa yana da wata magana dabam wadda likitoci suka gano. Waɗansu ƙananan irinsa su ne masaukin tsutsar da ke kawo ciwon tsargiya, watau fitsarin jini, wanda ya daɗe yana damun yaran da ke wanka a kududdufai da madatsun ruwa. Mai ciwon yakan yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe, ta shiga jikin dodon koɗi ta hayayyafa, sa'an nan ta fito ta huda fatar duk wanda ya shiga ruwan. Mai karatu ya tuna cewa Manzon Allah ya hana yin fitsari a ruwan da ba ya gudu, tun ba a san wannan tsutsa ba. Saboda haka bai halatta a kwashi dodon koɗin tafki a zuba a kududdufin unguwa ko a dam inda yara ke iyo ba. A miƙa su tare da kifin ga wanda yake da killataccen wuri. Idan kuwa ma'aikatan lafiya sun tabbatar irin masu ɗauke da cutar ne, kashe su ya halatta ba tare da azabtarwa ba, domin kare lafiyar mutum shi ke gaba.

To, ga abin da ya kamata mai tambaya ya yi. Ya fara da neman wanda zai karɓe su, ko maƙwabci mai tafki, ko makarantar da ke koya wa yara ilmin halittu, ko masu sayar da kifin ado. Sayarwa halal ce, kyauta ta fi lada. Ya bar ba su abinci kwana guda kafin tafiya domin kada su ɓata ruwan hanya. Ya kwashe su da sanyin safiya, a cikin ruwan tafkinsu da suka saba da shi, a mazubi mai faɗi wanda ba a taɓa zuba sabulu ko fetur ko maganin ƙwari a ciki ba, kada kuma ya cunkusa su, domin ruwa idan ya yi zafi iskar da kifi ke shaƙa tana raguwa a cikinsa. Idan an isa, a riƙa zuba ruwan sabon wurin kaɗan kaɗan har jikinsu ya saba. Ruwan famfo da aka sa wa kulorin yana ƙona matsatsin kifi, sai an bar shi ya kwana a buɗe kafin a sa su. Idan akwai tarwaɗa ko karfasa a cikin tafkin, cinsu halal ne, ba zalunci ba ne, domin Allah Ya halatta abin da ke ruwa a aya ta 96 ta Suratul Ma'ida. Kwaɗi da talibambam kuwa a kwashe su a kai fadama, domin Abu Dawuda ya ruwaito cewa wani likita ya tambayi Manzon Allah game da sa kwaɗo a magani, ya hana shi kashe shi. Wanda zai shiga gidan shi ma ba shi da ikon zuba ƙasa a kan masu rai. Ya yi haƙuri har a kwashe su.

Wannan ita ce amsar tambaya. Amma ba zai yiwu a rufe babin ba tare da an duba abin da ya fi tafkin bayan gida girma nesa ba kusa ba. Me ya sa aka ce kifi ba zai rayu a kwatar Bompai ba? Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Kano tana da manyan unguwannin masana'antu uku: Bompai, wadda ita ce tsohuwarsu, da Sharaɗa, da Challawa. A cikinsu aka kafa kamfanonin jima da na saƙa da rini da na robobi da na abinci. Da yawa sun rufe tun daga shekarun 1990 saboda rashin wutar lantarki da shigowar kayan waje, amma waɗansu suna nan suna aiki. Ruwan da ke fitowa daga Bompai yana bin rafin Getsi, ya haɗu da Jakara, ya tafi ya taru a madatsar Wasai ta ƙasar Minjibir wadda aka gina a 1976. Na Sharaɗa yana bin rafin Salanta, shi da na Challawa su faɗa kogin Challawa. Kogin Challawa kuwa yana haɗuwa da kogin Kano a wajen Tamburawa, inda ake da matatar ruwan sha ta birni, daga nan ya wuce Wudil, ya nufi Haɗeja da Nguru, har ya zama Komadugu Yobe mai zuba a tafkin Chadi.

Sana'ar jima sana'a ce mai daraja. Uwar Muminai Zainab 'yar Jahshi, Allah Ya yarda da ita, tana jima da hannunta tana sadaka da abin da ta samu. Majeman birnin Kano sun yi ɗaruruwan shekaru suna jima da toka da bagaruwa, fatarsu tana ƙetare Sahara. Jimar zamani kuwa da gishiri mai yawa ake yinta, da farar ƙasa, da sinadarin cire gashi mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, da wani ƙarfe da ake kira kuromiyam. Idan aka saki wannan ruwa ba a tace shi ba, tarkacen nama da kitsen da ke ciki suna ruɓewa su cinye iskar ruwan, kifi ya shaƙe ya taso sama. Ƙarfen kuwa ba ya ruɓewa, sai ya kwanta cikin laka, ya shiga jikin kifin da ya tsira, ya shiga ganyen da aka yi wa ban ruwa. Masana na Jami'ar Bayero da waɗansu jami'o'i sun sha auna ruwan waɗannan rafuka da kifinsu da kayan lambun gefensu, suna samun ƙarafa masu cutarwa a ciki. Alayyafo da latas da kabejin da ake nomawa a bakin Getsi da Jakara kuwa kasuwannin birni ake kai su. Watau abin da aka zuba wa kifi, a akushin mutum yake ƙarewa.

Kowane yaro da ya karanta Ishmawi ko Ahalari ya san ana gane lalacewar ruwa da sākewar launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa, kuma ruwan da najasa ta sauya ba a ibada da shi, ba a kuma amfanin yau da kullum da shi. Wanda ya tsaya a bakin ɗaya daga cikin waɗannan rafuka ba ya bukatar na'ura kafin ya yanke hukunci, idonsa da hancinsa sun isa. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Musulmi sun yi tarayya cikin abu uku, ruwa da ciyawa da wuta. Ya kuma ruwaito gargaɗi a kan abubuwa uku masu jawo la'ana, ɗaya daga cikinsu shi ne yin bayan gida a mashayar jama'a. Idan wannan shi ne hukuncin mutum ɗaya da ya tsuguna sau ɗaya, to yaya hukuncin bututun da ke kwarara dare da rana? Idan mace ɗaya ta shiga wuta saboda kyanwa ɗaya, yaya lissafin wanda ya kashe kifin kogi, ya yanke abincin masunta, ya gurɓata gonakin 'yan lambu? Allah Ta'ala Ya siffanta a aya ta 205 ta Suratul Baƙara mutumin da ke kai kawo a bayan ƙasa yana halaka shuka da 'ya'yan dabbobi, Ya kuma sanar cewa ba Ya son ɓarna. A aya ta 41 ta Suratur Rum Ya danganta ɓarnar da ke bayyana a tudu da ruwa ga aikin hannun mutane, domin a ɗanɗana musu sashen abin da suka aikata ko sa dawo.

Ba a ce a rufe masana'antu ba, domin dubban magidanta da su suke ciyar da iyali. Abin da shari'a ke nema shi ne mai kamfani ya lissafa kuɗin tace ruwa cikin kuɗin sana'arsa, kamar yadda yake lissafa kuɗin fata da na albashi. A gina rijiyoyin da ruwa zai kwanta dauɗarsa ta zauna, a ware ƙarfen a sake amfani da shi, a kai dagwalon inda ba zai koma kogi ba. Ribar da aka samu ta hanyar ɗora wa maƙwabta cuta, akwai haƙƙinsu a cikinta, kuma gina masallaci ko zuwa Umra kowace shekara ba ya sauke haƙƙin bawa sai an biya shi ko ya yafe. Dokar ƙasa ma ta zo daidai da wannan. Bayan da aka gano gangunan guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko a 1988, Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar kare muhalli a wannan shekara, sa'an nan a 2007 aka kafa hukumar NESREA mai tilasta bin ƙa'idojin muhalli. Jami'in da aka aika ya duba, ya karɓi abin hannu ya kau da kai, ya ci amana, yana da kaso cikin zunubin. Ma'aikacin da aka umurta ya buɗe bututu alhali ya san abin da ke ciki, ya yi nasiha gwargwadon ikonsa, ya sanar da waɗanda ke da alhaki. Limamai da masu unguwanni na Sharaɗa da Panshekara da Kumbotso da Dakata su ma kada su yi shiru, domin wannan yana cikin hani da mummuna.

An ruwaito daga Mujahidu, almajirin Abdullahi ɗan Abbas, cewa idan aka yi fari dabbobi sukan la'anci masu saɓo daga 'yan Adam, domin saboda su aka hana ruwa. Abu Dawuda da Tirmizi kuma sun ruwaito daga Abud Darda'i cewa halittun sama da ƙasa suna nema wa mai ilmi gafara, har da kifayen da ke cikin ruwa. Ashe kifin da ake ganin ba shi da baki yana da addu'a, kuma kowane mutum shi ke zaɓar irin wadda zai samu daga gare shi. Mai tambaya ya nemi bokitinsa tun wata bai ƙare ba, ya tafi da yaransa su ga inda aka kai kifayensu, domin su tashi da sanin cewa amana ba a yar da ita a kwata.

Allah Ya saka masa da alheri a kan wannan tambaya, Ya shiryi masu masana'antu da mahukunta zuwa ga tsare haƙƙin bayinSa na tudu da na ruwa, Ya ba al'ummar Musulmi ikon aiki da abin da suka sani. Allah ne Mafi sani.